Simintin da Na Shafa wa Ɗakin Mama

Ni dai ba neman ilimi ya kai ni taron nan ba, gara in faɗi gaskiya tun da wuri. Shugaban makarantarmu ne ya leƙo ofishin malamai, ya ce masana sun zo garin nan na Zuru za su yi taro a kan sauyin yanayi da gine-ginen birane, kuma an roƙi kowace sakandare ta turo mutum ɗaya. Da yake ni nake koyar da labarin ƙasa, sai duk idanu suka juyo kaina. Na tambaya ko akwai abinci. Ya ce akwai. Na ce to, an gama magana.

Tsakiyar bazara ce, irin zafin nan namu da ƙadangare kan tsaya a bakin inuwa ya yi shawara kafin ya tsallaka tsakar gida. Ɗakin taron kuwa na bulo ne, rufin kwano, tagoginsa na gilashi waɗanda ba sa buɗuwa sai rabi. Ana gama addu'ar buɗe taro aka ɗauke wuta. Janaretan da aka tayar ya ce shi lasifika da majigi kawai zai iya ɗauka, fankoki su yi haƙuri. Haka muka zauna, manyan masana cikin kwat da laktaye, ana yi mana bayanin yadda za a gina gidaje masu sanyi, mu kuma muna dahuwa a hankali. Na rantse da an ajiye ɗanyen dankali a aljihuna da kafin azahar an ci.

Kusa da ni wani ɗan kasuwa ne ɗan ƙabilar Ibo, mai shagon kayan gini a bakin kasuwa, wanda ya fi shekara ashirin a garin nan, Hausarsa har da ashar. Ya ce ya ji an ce taron gini ne, ya zo ya ga ko za a samu ciniki.

Masu jawabi uku na farko duk layukan awon zafi suka nuna mana a allo, kuma kowane layi sama yake yi. Abin ya fara ba ni sha'awa duk da zufa. Ashe birni kansa yana da zafinsa daban da na daji, kwalta da kwano da siminti su sha rana tun safe, su riƙa amayar da ita har bayan magariba. Na yi shekaru ina koyar da yara iska da ruwan sama, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa ƙauyen kakannina a kan dutse ya fi unguwarmu daɗin barci ba.

Sai wata farfesa ta hau, 'yar siririya, injiniyar gini daga wata jami'a. Hotonta na farko ɗakin ƙasa ne zagayayye mai rufin ciyawa. Mai shagon ya zungure ni.

"Oga Ticha, wannan tun daga jami'a ta taso ta nuna mana ɗakin kakarka?"

Farfesar ta ce bangon ƙasa yana numfashi. Yakan sha damshi ya mayar da shi waje, yakan riƙe zafin rana ba ya barinsa ya shiga ɗaki sai can da iska ta yi sanyi. Ina ta gyaɗa kai kamar ni na gaya mata. Sai ta sauya hoto: bangon ƙasa da aka shafe da siminti, simintin ya ɓare kamar ɓawon rogo, abin da ke ciki ya zube. Ta ce wannan kuskure ne da masu son iyayensu suka fi yi. Siminti ba ya kama ƙasa. Yana tsagewa siriri kamar gashi, ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki yana ruɓewa, har ranar da zai kwanta a kan wanda ke ɗakin.

Nan zufata ta sauya iri.

Mahaifiyata tana zaune a tsohon gidanmu da ke gindin dutse, a ɗakin ƙasar da mahaifina ya gina mata kafin ya shiga soja. Na gina mata ɗakin bulo a gefe, ta yi godiya sosai, ta zuba masara a ciki. Kowace shekara kafin damina ita da tsofaffin ƙawayenta sukan kwaɓa ƙasa su sake yaɓe bangon, su shafe shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa har ya yi ja. Ni kuwa kunya nake ji, a ce uwar malami guda tana cikin taɓo har gwiwa mutane suna wucewa. Shekara biyu kafin taron nan, da ta tafi Ribah duba ƙanwarta, na kawo birkila muka shafe ɗakin da siminti daga waje, na sa aka yi masa shuɗin fenti. Da ta dawo ta zagaya shi sau biyu, ta ce na sa wa ɗakinta rigar leda. Na ɗauka yabo ne irin na tsofaffi.

Da aka zo tambayoyi na ɗaga hannu. Na ce ina da wani aboki, mutumin kirki, wanda ya yi irin wannan aiki, yaya zai gane ko bangon ya lalace?

"Malam, ka ce wa abokin naka ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa," in ji ta. "Idan ya ji shi tim, da sauran lokaci. Idan ya ji kamar ganga, kada ya jira damina."

"Madam, abokin shi ne wannan!" mai shagon ya ɗaga murya yana nuna ni. "A shagona ya sayi simintin, har ya ce in ba shi mai ƙarfi!"

Ɗaki ya ɗauki dariya, har farfesar. Ta tambaya ko akwai mai kwana a ciki. Na ce uwata. Ba ta ƙara yin dariya ba, ni ma haka. Ana shigo da kulolin abinci ina tayar da babur.

Na sami Mama a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, na wuce bangon na ƙwanƙwasa. Ta yamma ya amsa tim. Na zagaya ta gabas, inda ruwan sama ke dukansa. Jama'a, da makaɗin coci ya ji wannan ƙara da ya roƙe ni aron bangon ranar Lahadi.

"Wa kake nema a ciki?" ta tambaya da harshenmu na C'lela. "Mai ɗakin ga ta nan a waje."

Na zauna na kwashe mata duk abin da na ji, har da numfashin bango. Ta ci gaba da ɓararta.

"Mace ce ta faɗa?"

"Mace ce, Mama. Farfesa."

"To, uwarta ta yi tarbiyya. Shiga ka duba gadona."

Na leƙa. Gadon yana tsakiyar ɗaki, nesa da kowane bango, kamar kwalekwale a kogi. Ta ce tun daminar bara ta jawo shi, da ta fara jin warin rumfar kaji daga gabas.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na gaya maka ran farko. Na ce maka rigar leda ce, kai mai makaranta ka ɗauka yabo ne."

Washegari na ɗauki hutu da guduma. Simintin bai ma yi gardama ba, faifai-faifai yake sakin bangon, abin da ya ƙara tabbatar mini ba su taɓa shiri ba. Na tsuguna ina kallon abin da ke baya kamar yaro a bakin rijiya. A tsakiyar bazara, wata biyar ba ɗigon ruwa, gindin bangon na gabas jiƙe yake. Na danna yatsa ya nutse, na murza ƙasar ta watse kamar dambu. Gara kuma ta yi birninta a ciki, da tituna da unguwanni, ta fi mu tsari.

Ƙawayen Mama huɗu suka zo, ƙaramarsu ta girme ni da shekara ashirin. Suka bi bangon da tafin hannu suna lallatsawa, suna magana ƙasa-ƙasa kamar likitoci a kan marar lafiya. Hukuncinsu shi ne ɗakin zai rayu, amma sai an yanke gindin gabas kaɗan-kaɗan ana cikewa da sabuwar ƙasa, a bar kowane sashe ya bushe kafin a taɓa na gaba. Hadari kuwa ya fara leƙowa da yamma-yamma.

Ni aka ba aikin tattaka kwaɓi. Na naɗe wando na shiga taɓo har gwiwa, ɗalibaina suna wucewa suna "Sannu da aiki, Malam" da muryar da ta yi ladabi da yawa. Ina tattakawa ina tambaya. Me ya sa ƙasar suri ake gaurayawa da ta bakin rafi? Me ya sa ake barin kwaɓin ya kwana biyu da yankakkiyar ciyawa? Me ke cikin ɓawon ɗorawa da ruwa ke jin tsoronsa? Babbarsu ta ce in da ƙafafuna suna aiki kamar bakina da tuni mun gina coci. Amma ta amsa mini biyu. Ta ukun ta ce ita ma haka ta tarar, har yau ban sami mai amsa mini ita ba.

Kwana tara muka yi. Aka shafa makuba sau biyu, bangon ya koma ja-ja yana ƙyalli. Bayan kwana uku ruwan farko ya sauka da rana tsaka, da iskar da ta ɗauke wa maƙwabcina kwano biyu. Ina aji na bar alli a kan tebur. Na iso jiƙe sharkaf, na tarar da ɗakin a tsaye, ruwa na gangarowa a jikinsa yana wucewa. Wuri ɗaya ne kawai ya zaizaye ta gabas, bai fi faɗin faranti ba.

Mama ta fito da ƙwarya cike da sauran kwaɓi, ta miƙo mini, ta koma ciki. Na tsuguna na cike wurin da hannuna. Ya fito a karkace, da shatin yatsuna biyar a jiki, ta leƙo ta duba ta ce a bar shi haka, zai riƙe.