Fezile Ntlabati da Minti Tamanin a Gaban Karnuka

Duk wanda ya bi ta hanyar tashar jirgin ƙasa ta Doornspruit da hantsi ya san dattijon nan mai hular kaki da ke tura injin yankan ciyawa a filin wasa na gari. Daga turakun gabas yake farawa, ya miƙe har yamma, ya juyo. In ya gama sai ya kwaɓa farar ƙasa a bokiti ya ja iyakokin fili, sannan ya zauna a gindin tankin ruwa ya sha shayi da burodi. Da hagu yake riƙe kofi, don yatsu biyu na damansa ba sa lanƙwasuwa. Sunansa Fezile Ntlabati. Mu tsararsa Bhuti Fez muke ce masa, wato yaya Fez, matasa kuwa Tata, wato baba.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki yana da shekara saba'in da huɗu. Na ga takardar da majalisar gari ta fitar a kansa, layi uku, an ce ma'aikaci ne da ba ya makara. Ba su yi ƙarya ba. Sai dai ni na san abin da ya wuce haka, don a gabana aka yi.

A 1978 ma wannan filin yake yanka, amma a lokacin na Turawa ne zalla. Ƙafarsa na iya taka ciyawar muddin inji yake turawa. In ya riƙe ƙwallo a kanta, ya karya doka. Namu filin yana bayan unguwar baƙaƙe, tsakanin juji da maƙabarta, tsakuwa ce da ƙaya. Nan ƙungiyarmu ta zari-ruga, Ikhwezi, take wasa, kuma Fez ne kyaftin. A sahun gaba yake tsayawa in za a yi turereniya, inda mutum takwas ke sunkuyawa su haɗa kafaɗa da takwas na abokan karawa. Ni malamin firamare ne, a gefe nake bugawa saboda gudu, kowa Ticha yake kirana.

Akwai wani Bature mai gyaran injin jirgi, Stoffel Badenhorst, ɗan wasan ƙungiyar Turawa. Yakan tsaya bayan atisaye ya taya Fez naɗe tiyon ban-ruwa suna hirar wasa. Wata rana ya ce ya sha kallonmu daga kan gadar jirgi, kuma yana so ya buga wa Ikhwezi. Doka kuwa ta hana Bature shiga unguwarmu sai da takarda, balle ya sa riga iri ɗaya da mu.

Ranar Lahadi bayan coci muka taru a ɗakin taro. Shekarun nan kowa a tsorace yake: an harbe 'yan makaranta a manyan birane, ana ɗauke mutane ba a sake jin ɗuriyarsu. Wasu suka ce ɗan leƙen asiri ne. Tsohon da ke riƙe mana maɓallin ɗakin kaya ya ce to ai da sauƙi, a sa shi kusa da Fez a turereniya, kafin hutu zai faɗi har sunan kakarsa. Aka yi dariya, amma gajera. Ni na fi kowa ɗaga murya. Na ce shi in ta ɓaci tara za a ci shi ya koma gida ya ci nama, mu kuwa fa?

Fez ya bari muka gaji, sannan ya ɗauko takardar dokokin ƙungiya ya ajiye a teburi.

"Mu muka rubuta a nan cewa ƙofarmu a buɗe take ga kowa," ya ce. "In ƙarya muka rubuta, ga alƙalami, wani ya taso ya soke."

Babu wanda ya tashi.

Kafin Alhamis magana ta kai ofishin majalisa. Shugaban ma'aikata ya kira Fez ya tuna masa abu biyu: aikin da yake ci da shi na majalisa ne, gidan da yake kwana ma nata ne. Matarsa Nokwanda tana da cikin wata bakwai. Ita ke wanke mana riguna, kuma bakin igiyar shanya ya same ta ya faɗa mata. Ita da kanta ta ba ni labari daga baya: ta juyo ta ce masa riga goma sha biyar ta wanke, kuma ba ta ga wadda za ta mayar jaka ba.

Wasu sun kawo shawarar a shigo da Stoffel a ɓoye, a bayan motar gawayi. Fez ya ƙi. Ranar Asabar da za mu buga wasa, da rana tsaka, ya je bakin ƙofar unguwa ya tarbe shi, suka tako tare ta tsakiyar titi, kowa da takalmansa rataye a wuya. Mata suka fito bakin shinge suna kallo.

Da muka isa fili, motocin 'yan sanda huɗu na jiranmu, da karnuka uku a sarƙa. Abokan karawarmu daga hayin layin dogo suke, unguwar da gwamnati ta ware wa waɗanda take kira ruwa-biyu. Kyaftin ɗinsu ya dubi motocin, ya dubi Fez, ya ce tun da sun riga sun biya motar haya, ai gara su buga. Jama'a kuwa sun fi dubu biyu, ban taɓa ganin taro irinsa a filin ba, kuma ban taɓa jin taro mai shiru kamarsa ba.

Mai jagorantar 'yan sandan wani Sajan Kritzinger ne, ya san kowa a unguwa. Ya ɗaga lasifika ya ce taron nan haramtacce ne, ya ba mu minti biyar. Sannan ya zaro littafi ya shigo fili yana bin mu ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta lambar bayan riga. Da ya zo kaina bai ko duba lambar ba.

"Ticha," ya ce a hankali, "ma'aikatar ilimi ta san kana nan?"

Abin da na yi ban taɓa rubuta shi ba sai yau. Na sunkuya na kama idon sawuna, na ce ya gurɗe wajen motsa jiki, na ɗingisa na fita. Ba mu da ɗan canji. Fez ya bi ni da ido, abin da ya ce kawai shi ne in je in ɗaure ƙafar. Mutum goma sha huɗu suka tsaya. Minti biyar ɗin suka cika, alƙalin wasa ya dubi Fez, Fez ya gyaɗa kai, aka hura usur.

Ba a yi minti uku ba aka ba da turereniyar farko, kuma kamar da gangan, a bakin layi ta faɗo, daidai inda karnukan suke. Stoffel a tsakiyar sahun gaba yake, Fez a hagunsa. Wanda ya san wasan ya san ba a yin ta sai na gefe ya rungumo na tsakiya, haƙarƙari da haƙarƙari. Daga inda nake zaune ina jin numfashin karnukan. Sajan ya tako har kan layi.

"Yaro, in ka ɗora hannun nan a jikin farar fata, ka tabbata ka gama amfani da shi."

Fez ya miƙe tsaye, ya dube shi, ya kira shi Baas, wato maigida, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Baas, dokar wasan ce ta ce haka ake riƙewa."

Ya zura hannun damansa ya damƙi rigar Stoffel, suka sunkuya. Na ga ɗan sandan da ke riƙe da babban karen ya sassauta sarƙa yana jiran umarni. Sai wata tsohuwa a bayana ta fara rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, na kusa da ita suka kama, har ta zagaye fili. Ba wanda ya ɗauki dutse, ba kuma wanda ya matsa. Sajan ya koma mota ya ɗauki oba-oba. Daga baya muka ji cewa mutum goma sha biyu kawai gare shi, kuma babbansa ya tafi biki wani gari, ba a same shi ba. Mu a lokacin ba mu sani ba. Duk tsayawar wasa sai mu ce yanzu ne za a saki karnukan. Bayan hutu kare ɗaya ya kufce ya yage wa ɗan wasan hayi cinya, aka ɗauke shi a kan ƙyauren wani gida, suka ci gaba su ma da goma sha huɗu. Haka aka cika minti tamanin. An ci mu tara da huɗu.

'Yan sanda ba su kama kowa a ranar ba. Litinin da safe suka zo filin Turawa suka ɗauke Fez daga bayan injinsa. Kwana ashirin da uku ya yi a hannunsu. Suna so ya ce wata ƙungiyar siyasa ce ta sa shi, ya kuma faɗi sunayen waɗanda suka goyi bayan abin a taron Lahadi. Ya ce shi kaɗai ya yanke shawara. A ƙofar mota suka datse masa hannun. Kafin ya fito an kore shi daga aiki, an zubar da kayansa a titi, Nokwanda ta haihu bakwaini a ɗakin langa-langa a bayan gidan yayanta. Yarinyar ta rayu, ita ce nas ɗin da ke asibitinmu yanzu.

Stoffel tara aka ci shi, kamar yadda na faɗa. Amma ban yi masa adalci ba: an farfasa masa tagogi, danginsa suka daina gaishe shi, duk da haka ya buga mana wasa bakwai kafin a yi masa canjin wurin aiki. Wasa na biyar ɗin tare da Fez aka buga shi, yatsunsa naɗe da filasta. Da zamani ya juya, 'yan jarida suka nemi Stoffel suka buga hotonsa. Har ya rasu yana ce musu ba shi ba ne, su je Doornspruit su nemi Ntlabati. Ba wanda ya zo. Fez ya shekara goma sha shida yana ƙona bulo kafin a mayar masa da aikinsa. Ni kuwa na zama hedimasta, na yi ritaya aka yanka mini tunkiya.

Watan jiya na tattara ƙarfin hali na je na sami Fez. Na ce ƙafata lafiyarta ƙalau ranar nan. Ya yi dariya har da tari.

"Ticha, da hagu ka ɗingisa ka fita, da aka tashi kana ɗingisa da dama. Har karnukan sun gane."

Na tambaye shi me ya sa bai taɓa goranta mini ba. Ya ce yara sittin gare ni a aji, in an kore ni wa zai koya musu. Sannan ya ƙara da cewa shi ma tsoron ya ji, ko usur ɗin farko bai ji ba saboda bugun zuciyarsa.

"Kai a gefe kake, hanya a buɗe. Ni mutane ne jingine a bayana. In na zame, a kan fuskarsu za su faɗi."

Bhuti Fez, kai ne ka ɗauki abin da muka rubuta a takarda da gaske, lokacin da mu da muka iya rubutun muke neman hanyar zillewa. Kai ne ka shanye kwana ashirin da uku ba ka furta sunan kowa ba, har da sunayen waɗanda suka bar ka a fili. Ginshiƙin sahun gaba, na gode. Na gode wa 'yar'uwarmu Sisi Nokwanda, da goma sha ukun da suka tsaya tare da kai, waɗanda huɗu ne kawai suka rage a raye.

Ku kuma 'yan baya, yau ba wanda zai sakar muku kare don kun yi wasa tare. Amma ranarku na nan zuwa da tata siffar, a ofis ko a aji ko a unguwa, ranar da wani mai iko zai kira sunanku a hankali ya tuna muku abin da za ku rasa. Ni na fita daga fili sau ɗaya, kuma shekara arba'in da shida ke nan ban daina jin nauyin abin ba. In taku ranar ta zo, ku tsaya.