Injin Jar Motar Kefas

Duk wanda ya saba ɗaukar kaya daga Babbar Kasuwa zuwa Unguwar Shanu ya san Inuwa mai a-kori-kura. Dogo ne siriri, baƙin mai ya daɗe da yin gida a ƙarƙashin farcensa. Ba ya son yawan zance. In ka ce masa motarka lafiya lau take, abin da zai ce kawai shi ne, "Tayar mu ji."

Tare suka koyi kanikanci da Kefas a garejin wani dattijo, Oga Bawa, amma Inuwa ne babba a wurin aiki. Da tsufa ya cim ma Oga Bawa zai koma ƙauyensu, sai ya yi abin da aka saba a garejin: babba ya fara zaɓar abin da yake so cikin kayan da suka rage, na ƙasa ya ɗauki saura. Motoci biyu ne. Akwai farar Fijo a-kori-kura mai tafiya, akwai kuma wata jar Fijo mai ƙofa biyu marar rufi, wadda wani Bature ya bar wa Oga kyauta da zai koma ƙasarsu. Giyarta ta lalace, ba a samun kayanta a nan.

Inuwa ko kallon jar bai yi ba. Ya ce, "Motar da ba ta ɗaukar buhu, mota ce? Ko akuya ba inda za ka sa."

Kefas ya ja rabonsa da igiya zuwa gidan da yake haya a Malali, ya ajiye a gindin mangwaro, ya rufa mata tamfol. Kaji suka riƙa yin ƙwai a kujerar direba. Duk sa'ad da suka haɗu sai Inuwa ya ce, "Kefas, yaya akurkinka? An ƙyanƙyashe?" Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Suna gaishe ka, Yaya."

Ita kuwa a-kori-kura ba ta huta ba. Ta ɗauki masara da siminti, ta kai kayan amare, ta kai gawa maƙabarta. Wata damina injinta ya buga da lodin tumatir a bayanta, Inuwa kuma ba shi da hanyar sayen wani. Yana zaune ya yi tagumi sai ga Kefas. Ya ce, "Yaya, ga inji can yana barcin banza a gindin mangwaro. Je ka ciro." Da yake motocin biyu 'yan gida ɗaya ne, injin ya zauna daram. Da shi Inuwa ya ciyar da iyalinsa, ya aurar da 'ya'yansa, har gashinsa ya yi fari.

Bara ne Grace, 'yar Kefas, ta ɗauki hoton jar motar ta sa a waya don wasa. Ba a daɗe ba wani dillalin tsofaffin motoci mai suna Tukur ya zo daga Abuja, ya yaye tamfol, ya zagaya motar yana shafa ta kamar mai taya doki. Kuɗin da ya ambata, in ji mutanen da suka kawo labarin bakin kasuwa, sun isa a sayi fili a Malali a ɗora bene.

Ranar tuwo bai wuce wa Inuwa ba. A wannan watan ne 'yan gwangwan suka ce masa in ya gaji da a-kori-kurarsa za su auna ta a sikeli. Matarsa Lami ta dube shi ta ce, "Malam, hassada ce ke cin ka."

"Ita ce," in ji shi. Bai iya ƙarya ba, ko don ya rufa wa kansa asiri.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ba wanda ya cuce shi. Shi aka fara ba zaɓi, da hannunsa ya ture ta, ya kuma yi shekaru yana yi mata ba'a.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Kefas da Tukur a ƙofar gidansa.

"Yaya, wurinka muka zo."

"Masu kuɗi a gidan talaka? Ga benci, sai dai ba shi da laushi."

Tukur ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya yi bayani. Ya buɗe gaban motar ya tarar da rami. Masu sayen irinta so suke komai ya kasance yadda aka ƙera shi, lambar da ke jikin inji ta yi daidai da ta jikin mota. In babu injinta na asali, cinikin ya tashi.

"Ina mai sayen zai riƙa zuwa da ita?" in ji Inuwa.

"Ba inda za shi, Baba. Ɗaki ya gina wa irinsu, mai sanyi, a zo a kalla."

"To me zai yi da inji?" Ya nuna a-kori-kurarsa da haɓa. "Waccan ta gina rabin unguwar nan, kilo za a auna ta. Taku ta kwana da kaji, ita ce ta bene."

Tukur ya yi murmushi. "Baba, irin taka an yi su kamar ƙasa. Irin ta Baba Kefas kuwa ko a can Turai sun kusa ƙarewa. Ba aiki suke saye ba, abin da wani ba shi da shi suke saye."

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," in ji Inuwa.

Kefas ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, kyauta na ba ka, ba aro ba. In ka ce a'a, magana ta mutu, zumunci yana nan."

Wannan ta fi komai ɓata wa Inuwa rai. Da Kefas ya zo da gadara, da ya sami abin kamawa. Ya sallame su ba tare da ya ce eh ko a'a ba. Abokan hira a bakin kasuwa wasu suka ce ya nemi rabi, wasu suka ce ya hana kawai. Ya kuwa ji daɗin tunanin hanawar, ba kaɗan ba. Ya riƙa hango Kefas yana nan yadda yake, gidan haya, tsohon babur, su tsufa tare ba wanda ya wuce wani. Amma duk safiya in ya murza makulli injin ya amsa, sai ya tuna tumatirin nan da ya ruɓe a bayan mota, da wanda ya zo ba a kira shi ba.

Wata safiya ya tayar da injin, ya tsaya ya saurare shi har ya yi zafi, sannan ya kashe ya ɗauko sifana. Shi ya sauke shi, ya wanke shi da kananzir, ya hana kowa taɓawa. Tukur ya kawo kayan giyar motar da taya da batir, aka jawo jar motar Unguwar Shanu, Inuwa ya mayar da komai mazauninsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: shi zai tuƙa ta zuwa Malali.

A hanya masu gadin manyan gidaje, waɗanda ke korarsa in ya tsaya da a-kori-kura a inuwar katangarsu, suka riƙa miƙewa suna ɗaga masa hannu. Injin kuwa muryarsa ɗaya, irin wadda yake yi in an lafta masa siminti. Inuwa bai ɗaga wa kowa hannu ba. Ya miƙa wa Kefas makulli, ya ƙi shiga gida ya sha ko ruwa, ya hau Keke Napep ya koma.

Kefas ya so ya saya masa sabuwar mota. Inuwa ya ce inji ya bayar, inji zai karɓa. Aka kawo masa na Beljiyam, yana ja ba laifi, amma har yau in injin ya yi wata ƙara sai Inuwa ya tsaya ya rasa me yake nufi.

Yanzu benen Kefas ya kai linta, kuma a-kori-kurar Inuwa ce ke kai masa siminti. Yana sauke kaya ba ya ɗaga kai ya dubi ginin. Kwanan baya Grace ta nuna masa hoton jar motar a waya, tana sheƙi cikin wani ɗaki mai tayil, an kewaye ta da igiya. Ya daɗe yana kallo.

"Suna tayar da injin kuwa?"

"Ban sani ba, Baba."

Ya mayar mata da wayar, ya goge hannunsa a riga. "Ki gaya wa Tukur, in da safe ne sai an taka totur sau biyu kafin a murza makulli. In ba haka ba ba ya tashi."