Sawun Jikata a Kan Toka

Shekara biyu da rasuwar maigidana, jikata ta shigo gida wata ranar Asabar da fararen kaya a cikin leda, ta ce ta shiga takwando. 'Yar ɗana ce na fari. Iyayenta suna Kaduna, suka kawo min ita Samaru ta yi sakandare a wurina don kada in zauna ni kaɗai ina kuka. Ita ce ma ke rubuta wannan da nake faɗa, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba.

Na ce, "Ke, dambe za ki koya? Wa ya taɓa ki?"

Ta ce, "Kaka, ba dambe ba ne. Zauna ki gani."

Ta sa kayan, ta tsaya a tsakar gida ta sunkuya wa bango kamar mai gaida surukai. Sai ta juya hagu ta kare, ta yi taku ta kai naushi, ta juya dama ta sake yin haka, ta ɗaga ƙafa har saitin hancinta. Can sai ta kwantsama wani ihu da ya sa kajina suka watse. Na yi dariya har da hawaye. Rabona da irin wannan dariya tun maigidana yana da rai.

Abin da ta yi ɗin sunansa fumse. Jerin motsi ne da mutum ke haddacewa, ya yi shi kaɗai, kamar yana faɗa da mutanen da ba a gani. Kowace ɗamara da nata fumsen. In ka iya shi a ranar gwaji, sai a canja maka launin ɗamarar da kake ɗaurawa a ƙugu. Ta wuce fara ba wuya, ta samu rawaya. Kore ce ta tsaya mata a wuya.

Wata rana ta dawo daga horo ta jefar da jakarta, ko gaisuwa babu.

Na ce, "Wa ya mutu kuma?"

Ta ce malaminsu ya ce ba zai sa sunanta a gwajin ƙarshen wata ba sai ta gyara. Ashe dokar abin ita ce, inda ka fara nan za ka ƙare, ƙafarka ta dawo daidai inda ta tashi. Ita kuwa kullum sai ta tsinci kanta ta kauce gefe da kusan taku guda. Malamin ya duba hannunta, ya duba juyinta, ya ce duk daidai ne, ta je ta nemo inda take ɓatar da takun. Saura mako uku a yi gwajin. Ƙawayenta biyu da suka fara tare duk an sa su.

Ni ban san komai a kan takwando ba, amma na san yadda ake kama abin da ke yawo ba a ganinsa. Lokacin da wani abu ke kwashe min 'yan tsaki, toka na barbaɗa a bakin akurki, da safe na ga sawun muzuru. Don haka washegari da ta dawo daga makaranta, na share tsakar gida tas, na kwaso tokar murhu a rariya na tankaɗe ta a kan simintin, tun daga bakin ƙofa har gindin gwaiba.

Ta ce, "Kaka, tsafi za ki yi min? Zan faɗa wa fasto."

Na ce, "Je ki faɗa masa. Cire takalmi ki hau."

Ta hau ta yi abinta daga farko har ƙarshe. Na ce ta tsallako a hankali, muka tsuguna muna kallon sawun. Na karyo tsinken tsintsiya ina aunawa. Na dama duk tsawonsu ɗaya. Na hagu ma haka, har sai da muka kai can ƙurya. A nan takun ya gajarce, sau biyu, kamar na mai tsoron taka ƙaya. Na ɗaga kai in ga abin da take gudu, sai na ga kujerar maigidana.

Kujera ce ta katako mai hannu. A kanta yake zama kowace yamma in ya dawo daga aikin gona a Shika, ya cire takalman roba, ya ɗora rediyo a cinya, ya ce in kawo masa ruwan randa. Tun ranar da aka fitar da shi ban bar kowa ya motsa ta ba. In ruwan sama ya zo, leda nake rufa mata. Ɗana ya taɓa cewa a shigar da ita ɗaki, na ce ranar da ya taɓa ta ya daina zuwa gidana.

Yarinyar nan ta san haka. Wata da watanni tana rage takunta don kada ƙafarta ta bugi kujerar kakanta, har jikinta ya haddace hakan, ya bi ta da shi wurin horo inda babu kujera. Ita kanta ba ta sani ba sai da ta ga tokar.

Ta dubi kujerar. Can ta ce, "Bar ta, Kaka. Zan riƙa yi a filin coci."

Na ce to. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado na yi kuka sosai, ba na ɓoyewa, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Shekara arba'in da wani abu muka yi da mutumin nan. Har yau in na ji ƙarar keke a ƙofar gida da yamma, sai gabana ya faɗi. Amma ina kukan ina tuna halinsa. Mutum ne da in yara suna ƙwallo a layi, shi ke tashi ya janye kekensa ya ba su wuri. Da yana nan, da kansa zai ɗauke kujerar, ya kuma tsaya yana ƙirga mata taku.

Na fito na ce, "Kama can, in kama nan."

Ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Kama kafin in fasa."

Muka shigar da ita ɗakina. Nauyinta ya ba ni mamaki. Daga ranar, kowace yamma sai na tankaɗe sabuwar toka. Ƙafar tata ba ta yarda nan da nan ba. Sai ta kai ƙuryar ta sake noƙewa, ni kuma in daka mata tsawa, "Buɗe ƙafa! Wa kike wa rowa?" Ita kuma ta ce, "Tsohuwa, zo ki yi mu gani!" Wata rana na tashi na gyara zanina na yi mata motsi huɗu na farko, don ido ya riga ya haddace min. Sai da ta kwanta a kan tokar don dariya, fararen kayan suka koma kamar na mai gasa masara. Ni na wanke su.

Ana saura kwana biyar malamin ya sa sunanta.

A wani zaure aka yi gwajin a Sabon Gari. Muka hau bas tun da safe, na sa atamfar da nake zuwa coci da ita. Iyayen yara sun cika benci, wasu suna Hausa, wasu Turancin kasuwa. Malamin nasu wani Bayarabe ne siriri, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar ni. An manna wa kowane yaro alama a ƙasa inda zai tsaya.

Da aka kira ta, ban kalli hannunta ba, ban kalli fuskarta ba, ƙafarta kawai nake bi. Ta je hagu, ta je dama, ta yi gaba. Da ta kai wurin nan, sai na ga ta buɗe taku har ƙarshe. Ta yi ihunta, ta juyo, ta janyo ƙafa. Dunduniyarta ta sauka a kan alamar.

Wurin shiru ake yi, amma ni ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Kowa ya waiwayo. Ta rufe fuska da hannu.

Da aka zo raba ɗamara, malamin ya ce, "Mama, ke ce mai tokar? Ta ba ni labari. Zo ki ɗaura mata da kanki."

Na karɓa. Ni kuwa ɗauri ɗaya na sani mai ƙarfi, wanda na goyi 'ya'ya shida da shi. Na zagaya mata ita a ƙirji, na ja, na ƙulle kamar majanyi. Zauren ya ɗauki dariya, malamin har da riƙe ciki. Ya matso zai gyara, sai ta ja baya.

Ta ce, "Malam, bari sai gobe."

Haka ta shiga bas da koriyar ɗamara a ƙarƙashin hammata, tana numfashi da ƙyar, muka nufi Samaru.