Tijjani da Ɓerayen Likita

Shekara tara yayana Tijjani ya yi yana kiwon ɓeraye, kuma gwamnati ce ke biyansa. Duk garinmu Doka ba wanda bai tsokane shi ba, har da ni. Jama'a na neman yadda za su kashe ɓera, shi kuwa sai ya doka sammako ya sa kaki ya je ya share musu keji. Farare ne tas, masu jan ido, a wani gidan bincike da ke bayan ofisoshin gwamnati. Da wannan aiki yake riƙe da matarsa Hauwa da 'ya'ya huɗu da tsohuwarmu. Ni a lokacin ɗinkina ko kaina bai riƙe ba.

A shekarar 1958 aka kawo wani Baturen likita mai binciken ƙoda. Yana jin Hausa kaɗan, kuma ba ya ƙyashin bayani. Ya ce wa Yaya idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ƙoda kan saki wani abu cikin jini, abin ya haifar da wani sinadari wai shi anjiyotensin, wanda ke tsuke jijiyoyi. Likita na zaton sinadarin kan koma wa ƙodar da saƙo cewa ta riƙe ruwa, kada ta zubar. Inda saƙon ke sauka a cikin ƙodar yake nema. Yaya bai taɓa iya faɗin sunan ba, ɗan aike yake ce masa.

To yaya za a gane? Sai an hana ɓeraye goma sha biyu ruwa kwana biyu cur, a riƙa tarar fitsarinsu a kwalba ana aunawa safe da yamma. Wannan ne aikin Yaya.

Sai abin ya faɗo cikin azumi, ga zafin bazara. Awon yamma kan kai shi har magariba, don haka a can yake buɗa baki. Ranar farko ya ɗaga butarsa zai sha, sai ya ga ɓerayen sun yi layi suna lasar ƙarfen keji. Ya ce mini ruwan ƙin wucewa ya yi. Mutumin da aka raina a kan cewa ba a hana mai rai ruwa, kuma shi kansa ya wuni da ƙishi, me kake so ya yi? Ya tsiyaya a marfin gwangwani ya bi su keji-keji, sannan ya sha nasa. A ganinsa ɗan wannan ba zai ɓata komai ba. Haka ya yi ta yi duk sanda aka maimaita gwajin, har mako uku.

Ai kuwa ya ɓata. Fitsarin da ya kamata ya ragu ya yi kauri, bai ragu yadda ake jira ba. Likita bai zargi kowa ba, murna ma ya kama yi, yana ganin ya gano wani sabon abu game da ƙodar ɓera a ƙasar zafi. Ya fara rubuta rahoton da zai aika Ingila.

Yaya ya same ni a shago ya zayyane mini. Na ce, "Yaya, ka rufa wa kanka asiri ka yi shiru. Wa ya gan ka?"

Ya ce, "Sulaiman, mutumin nan zai sa sunansa a kan ƙarya, kuma ni na ƙulla ta."

Wallahi haushi ya ba ni. Na tuna masa da yara, na tuna masa da Inna. Washegari ya je ya faɗa wa Likita.

Likita ya ce, "Tijjani, ka ɓata mini aiki, amma ka faɗi gaskiya. Za mu sake daga farko. Ka yi mini alkawari, ko ɗigo."

Yaya ya ce, "Na yi, ranka ya daɗe."

Kuma ya cika. Ran nan bai ba su ba, amma shi ma bai iya sha ba. Ya tako har gida da butarsa cike, leɓɓansa sun bushe. Hauwa ta miƙa masa kunu, ya riƙe kofin yana kallo kawai. Na tausaya masa ƙwarai, duk da ban huce ba.

Da safe ya ninke kakin ya kai wa Likita tare da makulli. Ya ce, "Aikinka ba laifi ba ne, wataƙila ma ya ceci mutane. Ni ne ba zan iya ba. In na zauna zan sake ba su ruwa, gara ka sa wani." Likita ya yi ta lallashinsa, ya ƙi.

Bai sake samun aikin gwamnati ba. Dako ya koma yi a kasuwa yana da shekara arba'in da biyar, suka saki ɗaki ɗaya suka matsu a ɗaya, Inna ta dawo wurina. Na shekara ba na sakar masa fuska. Wata rana na gan shi ya sauke buhun masara yana haki, na kasa daurewa na ce, "Yaya, duk wannan saboda ɓera?"

Ya share gumi da gefen rigarsa ya ce, "Kai ba ka ga yadda suke lasar ƙarfen nan ba."