Baba Tsallake da Kantar Tarihi

Ƙarfe bakwai da rabi Baba Tsallake yake buɗe ɗakin karatun unguwarmu. Ya share, ya buɗe tagogi, ya fiƙe fensirinsa, sannan ya zauna kusa da kantar littattafan tarihi. Shekara talatin da ɗaya ke nan.

Ba ya miƙa wa mutum littafi haka kawai, sai ya tambayi sana'arsa. Tela ya tafi da tarihin fataucin auduga. Direba ya samu labarin yadda aka shimfiɗa layin dogo. Ungozoma kuwa ya ba ta na wata annoba da matan da suka yi jinya a cikinta. A cikin bangon kowanne akwai rubutunsa da fensir: tsallake gabatarwa, fara daga shafi kaza. Daga nan ya samo sunansa. Yakan ce marubutan tarihi suna daɗewa wajen gyaran murya, mai sana'a kuwa ba shi da lokacin jira.

Ni da digirina na taɓa ce masa wannan ba tsarin ilimi ba ne. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, in shafi na arba'in ya kama mutum, da kansa zai koma na farko." Haka ta faru da ni.

Bara 'yan kwamitin ɗakin, mutanen da rabonsu da littafi tun makaranta, suka yanke shawarar kwashe kantar, wai babu mai karanta tarihi yanzu. Da suka zo, suka tarar rabinta wayam. Shugabansu ya ce ai ga shaida, ko littattafan ma babu. Baba ya soma faɗin inda kowanne yake, da ka: wannan yana shagon tela, wancan yana tasha, wancan asibiti. Sannan ya sassauta murya. "Na ayarin gishiri kuma yana gidanka, ranka ya daɗe. Uwargida ta ce saura mata babi biyu."

Kantar tana nan har yau.

Baba, kai ne ka karanta su duka, har masu sa gyangyaɗi, don kada mu faɗa kan wanda zai kore mu. Kai ne ka sa tela yana musu da direba kan abin da ya faru shekara ɗari uku da suka wuce. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri.

Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Mu masu takardu kullum kukanmu mutane ba sa karatu, amma wa muka taɓa miƙa wa littafi muka nuna masa inda zai fara? Baba ya ce zai bar fensirin a kan tebur. Saura wani ya ɗauka.