Muryar da Alhaji Ya Nema

A shekarata ta biyu ta karatun hadisi a Makka na gane cewa lambar wayata ta fi ni daraja. Duk abin da na tura gida, ko hoton tattabarun Harami ne, sai ya zaga dangi da tambarin “daga Makka aka turo”. Ba wanda ke tambayar a wane lungun Makkan.

Akwai wani dattijo mai gidan abinci a unguwar Mansur, haifaffen nan, jikan alhazan da suka zo a ƙafa daga ƙasar Hausa. Wurinsa muke zuwa in kewar tuwo ta kama mu. Wata ranar Alhamis bayan la'asar na tarar ya ajiye mini kujera kusa da tasa, abin da bai taɓa yi ba. Tun daga nan na tsargu.

“Ya Ustaz, zauna. Kalli abin da Hindu ke yi wa 'yan'uwanmu.”

Ya miƙo waya. Katafila ce ke rushe wani gini mai koriyar ƙubba, sai hoton ya yanke, ga taron mutane da tutoci ruwan goro suna tsalle. An ɗora kukan mace a kai, da waƙe mai sosa zuciya. A ƙasa an rubuta da Larabci cewa jiya aka yi, kuma duk wanda bai yaɗa ba za a tambaye shi ranar gobe.

“Kai ne mai Hausar littafi,” in ji shi. “Ka fassara, ka ɗauka da muryarka, mu tura Kano da Sakkwato. Tawa Hausar rabi Larabci ce, dariya za su yi.”

Na sake kallo. Katafilar tana aiki cikin rana tsaka, masu tutocin kuwa ƙasa jiƙe take a ƙarƙashinsu, kuma babu inda aka nuno su tare da ginin. Matar da ke kuka ba ta ko numfasawa, kukan yana kaiwa ƙarshe ya koma farko.

“Alhaji, wa ya turo maka?”

“Surukina na Jidda.”

“Shi kuma fa?”

“Wani zaure ne na waya.”

“Wa ya saka a zauren?”

Ya tuntsire da dariya. “Ya shaikh, bidiyo ne, ba hadisi ba! Idonka bai gani ba?”

A aji mukan yi mako guda muna tuhumar mai ruwaya ɗaya saboda an ce ya rikice da ya tsufa. Ga shi ana so in karɓi labarin ƙasa sukutum daga bakin wani zaure. Na roƙi ya ba ni zuwa Asabar.

A unguwar Aziziyya ina da abokin karatu Ba'indiye, mutumin kudancin ƙasarsu. Na sa Alhaji ya turo mini bidiyon, na kai masa da tunanin zai warware mini komai. Ya kalli allon wani shago da ya fito a bidiyon, ya ce shi ma bai iya karanta wannan rubutun ba, tsakaninsa da masu yarensa tafiyar kwanaki ce a jirgin ƙasa. Ya ce ana rushe masallatai a wasu wurare, wannan ba ƙarya ba ne, amma wannan ginin bai san shi ba. Sannan ya nuna mini wani bidiyon da maƙwabcinsu Bahinde ya turo wa ƙaninsa: gunki a farfashe, sai hoton ya yanke, ga masu fararen huluna irin na Musulmi suna gudu. Kuka a sama, gargaɗi a ƙasa. Shi da na Alhaji kamar tela ɗaya ya ɗinka su.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kantin magani na wasu Indiyawa da ke bakin kasuwar garinmu. Ban san addininsu ba, kuma na tabbata samarin da za su ji muryata ba za su tsaya tambaya ba.

Ranar Asabar na koma Mansur.

“Alhaji, ba zan ɗauka ba.”

“Ƙarya ne ke nan?”

“Ban ce ƙarya ba ne. Na ce ban sani ba.”

“To ɗauki hakan mana, mu tura!” Ya juya ga masu cin abinci. “Kun ji? Gwamnati ta kawo shi karatu, ya haddace ban sani ba.”

Aka yi dariya, har da ni kaɗan. Ya ce halas, shi ke nan, yana da wani ɗalibin. Na san ko wane ne, yana da murya mai daɗi, ya kuma fi ni saurin kuka.

Har yau ban san ko ginin nan masallaci ba ne, ko kuwa a Indiya ma yake. Mai yiwuwa gaskiya ne na ƙi faɗa. Saƙon ya tafi gida da muryar wani, ni kuma na ci tuwona a teburin bakin ƙofa, inda zafin titi ke shigowa.