Neman Mai Kujerar Da Ba Ƙusa

Katsina zuwa Batsari

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida, jaka a kafaɗa, ƙafar kujera guda naɗe cikin tsohuwar jarida. A lokacin ina koyar da aikin kafinta a wata makarantar sana'a a Katsina, shekarun da naira ta shigo sabuwa, kowa na neman kushin mai faɗi da kabad mai fomeka. Ni kuwa abin da ya tayar da ni wata 'yar kujera ce da na tsinta hannun mai gwanjo: sanduna goma da fata biyu, ba ƙusa, ba gam, ba zanen ado ko ɗaya. In aka zare ta sai ta ɗauru kamar itacen girki.

Za a yi baje kolin sana'o'in hannu a Kaduna, kuma na riga na cika baki gaban shugaban makarantarmu cewa aikin kakanninmu ne tsantsa, tun kafin Bature ya tako ƙasar nan. Ya ce in kawo sunan mai yin ta da tarihinta, in ba haka ba ba za ta shiga ba. Kwana uku ya ba ni. Mai gwanjo kuwa iyakar saninsa daga wajen Batsari ta fito.

Motarmu kiya-kiya ba ta cika ba sai bakwai saura. Na biya sule shida. Mil talatin ne da 'yan kai, amma mun yi awa biyu da rabi, don rairayi ya riƙe mu a wani rafi har muka sauka muka tura.

Ranar kasuwa ce. Na sha koko da ƙosai, na nemi layin masassaƙa, inda turame da akusa da ƙotoci ke jere. Bayan doguwar gaisuwa na miƙa wa babbansu ƙafar kujerar. Ya juya ta, ya sansana, ya ce itacen ƙirya ne, daga dajin Rugu. Sai ya sa ɗan yatsa cikin hudar da ke jikinta, ya girgiza kai. Su dai, in ji shi, daga kututture guda suke fitar da kujera, ba sa haɗe-haɗe. Amma ya taɓa ganin irinta ɗaure bayan takarkarin wasu Fulani da ke zaune kusa da Wagini.

Wagini

Bayan Azahar wani mai babur ya ɗauke ni. Muka yi ta ratsa gonakin gero da wake, muna kauce wa jakuna, sai La'asar muka isa. Hedimastan garin ya sauke ni a zaurensa, aka kawo tuwon dawa miyar kuka da man shanu.

Da hantsi ya raka ni rugar, tafiyar rabin awa a ƙafa. Maigidan ya fita da shanu, sai mahaifiyarsa, Inna Hajjo, dattijuwa mai ƙananan idanu, ta dama mana fura. Da ta ga abin da ke hannuna ta shiga bukka ta fito da ɗauri guda. Kafin in gama shan fura ta harhaɗa kujera sak irin tawa, ta dasa ta a ƙasa mai tudu da kwari, ta ce in zauna.

Tun a Katsina na lura mahaɗan tawa na motsi kamar na wannan, na ɗauka kuskuren mai yi ne. Na ce mata in tana so zan aiko da gam a liƙe su. Ta yi dariya har tana riƙe ciki.

"Ɗana, ɗaga ƙafarka ka gani."

Na ɗaga. Ƙafafun kujerar huɗu duk sun taka ƙasa, kowace ta bi inda ƙasa ta kai ta, nauyina kuma ya ja fatar ya ɗaure komai. Shekara tara ina koya wa ɗalibai cewa mahaɗin da ke motsi aikin banza ne. 

Ta nuna mini gadonta, shi ma sanduna ne da ake zarewa ranar tashi. Ta ce mai kujerar Malam Ilu ne, Bahaushe, mijin yayarta mai rasuwa, yanzu yana wurin ɗansa a Safana.

Safana

Wajen sha biyu na sami a-kori-kura mai ɗauke da buhunan gyaɗa, na hau bisa kaya. Kusa da Runka ma'aikatan gandun daji suka tare mu suna neman katakon sata. Ɗayansu ya warware jaridata, ya tambaye ni ina sauran itacen. Na ce ai shi nake nema. Direba ya sa baki, aka yi dariya, aka ɗage shinge. Ƙarfe huɗu muka shiga Safana.

Na tarar da Malam Ilu gindin dalbejiya, tsoho tukuf, hannunsa na rawa, gizagonsa rataye a bango ya yi tsatsa. Ya shafa ƙafar kujerar sau ɗaya ya ce tasa ce. Na fito da littafi, na roƙe shi ya faɗa mini wane kaka ya gada.

Ya ce ba kowa. Yana saurayi, wani Baturen gandun daji ya yi zango a Rugu, ƙafar kujerar tafiyarsa ta karye, aka kira shi ya sassaƙa wata. Kwana biyu kujerar tana hannunsa, yana zarewa yana mayarwa. Ta Baturen da tamfol take da ƙarafa. Da ya auri Bafulatana, ita ta ce ya rage mata tsawo, ya fiƙe sandunan kamar na gadon ruga, don su zauna bayan takarkari. Fatar kuma wani Buzu da ya ci rani a gidansu ya nuna masa yadda ake yanka ta a ja ba tare da ƙarfe ba. Ado kuwa, matar ce ta hana, ta ce duk abin da ba ya ɗaukar mutum, takarkari ne zai ɗauke shi.

 Na faɗa masa abin da na riga na faɗa wa shugabanmu, na tambaya ko zai yarda in rubuta sunansa kawai, in bar zancen Baturen.

"Malam, in ka cire Bature, cire Buzun," in ji shi. "In ka cire Buzun, cire matata. Ita kuwa ban yarda ba. Shekara arba'in tana gyara mini ita."

Na rubuta duka. Washegari da safe ya sa na riƙe gizago, yana faɗa mini da baki yadda zan gyara hannu, har na fiƙe sanda guda da ta shige huda ba matsi ba sako-sako. Ta shida ce da na gwada.

Komawa gida

Na bi ta Dutsin-Ma, na iso Katsina ana kiran Magariba. Da safe na tsaya gaban shugaba na ce abin da na faɗa masa ba gaskiya ba ne, na karanta masa littafin. Ya ɓata rai, ya ce kayan gargajiya aka nema, ba haɗin gambiza ba.

Muna cikin haka malamin lissafinmu, wani Ba'indiye mai yawan shiru, ya shigo da takardu. Ya tsaya yana kallon kujerar, ya durƙusa, ya zare ta ya mayar ba wanda ya nuna masa. Ya ce kakansa kafinta ne a wani barikin soja a ƙasarsu, irinta yake yi wa hafsoshin Turawa, a kanta ya koyi zama.

Shugaba ya dube shi, ya dube ni, ya ce in nemo kwali mai faɗi, don wannan bayanin ba zai shiga ƙarami ba.

Kujerar ta tafi Kaduna, da sunan Malam Ilu da na matarsa a sama. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da hedimastan Wagini, da Inna Hajjo wadda ta hana ni aika gam.